Reshen Iya Gwamma

Da sunan Allah, wanda ya zuba ɗaci a cikin ganye, ya ɓoye zaƙi a ƙarƙashin ɗacin, ya kuma halicci bakin da zai iya raba su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ce Barmani 'yar Tunau, mutuniyar Tungar Gawo. Na yi tafiyar da ta cinye mini takalma da ƙuruciya, na ga ƙasar da ba ta cikin labarin fatake sai a bakin mutum guda, kuma abin da na gani shi zan faɗa, ban ƙara masa gishiri ba.

Yayana Korau makaɗin kalangu ne, mai faɗin ƙirji, mai sanƙo, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin kasuwa. Sai ciwo ya shige shi ta zuciya. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ya kwanta numfashi ya tokare masa a wuya, sai a zaune yake samun barci. In na kara kunnena a ƙirjinsa sai in ji zuciyar tana tafiya tana tuntuɓe. Masu magani suka cinye kajinmu ƙaf, ciwo yana nan inda yake. Ana haka wani tsohon falke ya ce mana can bayan Kogin Juyi akwai ƙasar Tumfafi, inda mutane ke shan wani zaƙi daga bishiya, kuma ba a taɓa binne wanda kumburi ya kashe ba. Korau ya ce tatsuniya ce. Na ce ko tatsuniya ce sai mun je mun ga ƙarshenta. Haka Allah ya yi ni, ba na iya zama in zuba wa abu ido yana lalacewa. Na kai 'ya'yana wurin surukata, na ɗora yayana a kan jaki, muka kama hanya.

Kogin Juyi da safe gabas yake gudu, da rana ta karkata sai ya juya yamma. Wanda ya wuni a cikin kwalekwale, magariba za ta same shi a inda ya tashi. Mun tarar da mutane a bakinsa da suka yi shekaru suna tafiya ba su je ko'ina ba, har sun kafa kasuwa. Mu sai muka riƙa shiga da sassafe, mu da jakinmu, da rana ta take sai in ɗaure kwalekwale a jikin saiwa mu jira wata safiyar. Korau ya ce bai taɓa ganin na yi haƙuri irin wannan ba. Na ce ya rufe baki ya adana numfashinsa.

Bayan kogi sai jar ƙasa fetal, ba hanya, ba sawu. Nan tururuwa suka kewaye mu, kowace ta kai ɗan akuya girma, jaki ya tsaya yana rawar jiki.

Korau ya ce, "Auta, ki gudu. Ni dama ai na riga na zama nama."

Na ce, "Yaya, in ka ƙara irin wannan magana ni zan cinye ka kafin su."

Na ɓaro mazarƙwailar da ke cikin kayana na watsa musu, suka duƙufa a kanta. Da na samu natsuwa na duba su da kyau, sai na ga iri biyu ne. Masu zuwa daga arewa cikinsu ya cika taf yana ƙyalli, suna ƙanshin zaƙi. Masu tafiya arewa kuwa cikinsu a lafe yake. Na ja jaki muka bi bayan masu yunwa, su suka kai mu.

Tumfafiyar garinmu ba ta wuce tsayin mutum, akuya ma ba ta kallonta. Ta can kuwa ta fi kuka tsawo, ganyenta ɗaya ya isa a shimfiɗa a yi salla. In reshe ya karye farin nono ke zuba, ɗigo guda ya taɓa fata sai ta saluɓe. A jikin ƙananan rassan nan ne na ga abin da muka zo nema. Kwarkwatar ganye ce, irin wadda muke gani a gida kamar ƙwayar gero, amma ta can ta kai ƙwan zabo. Launinta rawaya ne shar, ƙafafunta baƙaƙe, da wasu ƙahonni biyu baƙaƙe a bayanta. Kowace ta kafa dogon bakinta a jikin reshe ta yi shiru, can sai ka ga ɗigon ruwa mai danƙo ya fito ta bayanta. Darɓa ke nan. Ita mutanen ke tara wa a cikin 'yan ƙore su lasa kowace safiya, tururuwa su kwashe ragowar. Ƙwarin nan kuwa ba sa kiran su da wani suna sai uwaye.

Aka kai mu gaban shugabansu, Magajin Rassa, wani dogon dattijo mai suna Nomau. Shi da jama'arsa duk baƙi da fari suke sawa, don rawaya a wurinsu launin uwaye ne, ɗan Adam ba ya yin tufa da shi. Ya sa hannu ya latsa ƙafar Korau, wurin ya lotsa bai taso ba.

Ya ce, "Maganin yana nan, ba mu ɓoye shi ba. Nonon bishiya dafi ne, mai tsayar da zuciya. Uwa tana zura bakinta ta kauce wa jijiyar nonon, har ta kai inda ruwan zaƙi yake gudu da ɗan ɗaci kaɗan. Ta riƙe wani ɗacin a jikinta, shi ya sa tsuntsu ba ya cin ta sau biyu. Abin da ta sako mana shi ne daidai zuciyar mutum."

Na ce, "To ranka ya daɗe, a sammana."

Ya girgiza kai. "A nan kowa da reshensa, kamar yadda kowa yake da kansa guda. Ranar da aka haifi yaro ake ɗaura masa tsiro a jikin reshen mahaifiyarsa, uwaye su taka da ƙafarsu su hau. Bishiya da bishiya ɗacinsu ba ɗaya ba ne, mun binne waɗanda suka lashi na wani. Don haka ba a sha a reshen wani, kuma hannu ba ya ɗaukar uwa ya dasa ta. Baƙo hanya ɗaya gare shi, sai in mai fiffike ta sauka a kansa da kanta."

"Ina masu fiffiken suke?"

"Tun ina yaro rabon da in ga ɗaya."

Na so in faɗa masa magana, Korau ya riƙe mini zane. Muka fito na zauna a gindin bishiya, baƙin ciki ya cika ni. Ga magani yana ɗiga a ƙasa tururuwa suna wasa da shi, ga yayana yana jan numfashi kamar mai hawan dutse.

Wata tsohuwa ce ta ba mu masauki, Iya Gwamma, 'yar firit da ita, ga ido mai kaifi. 'Ya'yanta duk sun rasu a wata ambaliya, sai jikoki biyu mata ƙanana suka rage mata. Tun ranar farko yaran suka manne wa Korau. Ba ya iya ɗaga kalangu, sai ya riƙa buga musu bayan ƙwarya da yatsu, yana yi musu kirari suna ƙyalƙyala dariya. Iya tana gefe tana kaɗi, na lura tana yawan kallonsa.

Kowace safiya nakan bi ta zuwa reshenta. Nan na ga abin da har yau nake juya shi a raina. Uwaye ba su da namiji, ko ɗaya. Ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi, 'ya ta fito da ƙafafunta tana motsi ta nemi wurin kafa baki. Iya ta ɗaga wata jaririya a rana ta nuna mini wasu 'yan ɗigo a cikinta, ta ce jikokin ke nan, an haife ta da cikinta. Saboda yawan haihuwar nan kowa yake tsince reshensa kullum, ya rage su ya zuba a rafi, don kada su yi wa reshe yawa.

Na ce, "Iya, mai fiffiken nan daga ina take zuwa?"

Ta ce, "Daga matsi. In suka cika reshe har suna taka juna, abinci ya fara ƙaranci, sai uwa ta haifi 'yar da za ta iya barin gida. Kowane tsoho a garin nan ya san haka. Muna tsince su da safe, da yamma mu ɗaga kai muna jiran Allah ya aiko da mai fiffike." Ta yi 'yar dariya, ta kakkaɓe hannu. "Daga yau na daina tsince nawa."

Na durƙusa zan yi godiya, ta ce in tashi, gwiwata za ta yi mini amfani a wani wurin. Na tambaye ta ko akwai abin da zai same ta. Ta ce reshe dai nata ne.

Aikin gadi ya dawo kaina. Da uwaye suka fara cunkushewa sai ga wani ɗan siririn zanzaro yana zagaye, ya sauka a kan uwa ya soke ta ya tashi. Ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da tsotso, sai ta kumbura ta yi ruwan ƙasa ta bushe kamar ɓawon gyaɗa, can sai ɗan zanzaro ya huda bayanta ya fito. Ɗacin da ke korar shaho bai dame shi ba ko kaɗan. Na wuni a kan tsani da mafici a hannu ina korar su, har kafaɗata ta sage. Ƙasa kuma Korau yana ƙara nauyi, kumburin ya wuce gwiwa, leɓensa ya fara yin shuɗi.

Reshen Iya ya cika maƙil. Ganyensa ya nannaɗe, darɓa ta yi yawa ta lulluɓe shi, wani baƙin fumfuna ya hau kai. Maƙwabta in sun zo wucewa sai su kawar da kai. Wata safiya na ga wasu ƙananan uwaye da ɗan kumburi a kafaɗa. Suka saɓule fatarsu fara, fiffike ya miƙe, siriri, ana ganin rana ta cikinsa.

Magaji ya sa aka yi shela. Duk mai reshe ya shiga ɗaki ya rufe don kada mai fiffike ta sauka a kansa, aka zaunar da Korau a fili da farin mayafi. Ni da ba ni da reshe aka bar ni a gefe. Da hantsi ya ɗaga suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya, suna hawa sama iska tana kwashe su. Ko ɗaya ba ta dubi yayana ba. Na ga rabinsu sun tafi, na ga saura kaɗan. Sai idona ya faɗa kan dangar Iya inda kabewa ta yi fure. Biyu sun sauka a kan furen, suna dudduba shi da baki. Ba su sauka a ganye ba, ba su sauka a kara ba, sai a kan rawaya.

Na ruga ɗaki na zazzage kayana. Akwai gangamau, saiwar nan rawaya, da na taho da shi don ciwon ciki. Na daka shi a gurguje na kwaɓa da ruwa, na fito na shafe sanƙon Korau da shi tas, har kunnuwa.

Ya ce, "Auta, mutuwar ma ba za ki bar ni in yi ta da mutunci ba?"

Na ce, "Kar ka motsa."

Magaji ya leƙo ta kafar ƙofa ya daka tsawa cewa rawaya haramun ce ga mutum. Na ce ranka ya daɗe tufa kuka hana, wannan magani ne na shafa wa mara lafiya. Kafin ya samo amsa, wata mai fiffike da ta riga ta yi sama ta karkato, ta yi zagaye, ta sauka a tsakiyar kan yayana ta naɗe fiffikenta. Aka tallafe shi zuwa wani sabon tsiro a jikin bishiyar Iya, ya jingina kansa, ta taka da kanta ta hau.

Ɗigo ɗaya take bayarwa a yini. Korau ya lasa ya ɓata fuska, ya ce zaƙi a gaba, ɗaci a baya. Ba a daɗe ba fitsari ya ɓalle masa, ƙafa ta fara saɓewa, zuciyar da ke tuntuɓe ta soma taka ƙasa sosai. Ina cikin murna ban lura da Iya ba, sai ranar da na ga ta tsaya hutawa tsakanin ɗaki da madafi. Na je na duba reshenta. Ya bushe ƙayau, uwayen da ba su da fiffike sun mutu a kansa. Tsohuwar da ta lashi darɓa tun tana jaririya, zuciyarta ba ta san yadda ake tafiya babu ita ba. Kowa a garin ya san haka tun ranar da ta daina tsinta, ni kaɗai ce ban sani ba.

Ban yi shawara da kowa ba na tafi gaban Magaji da dattawansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku da bakinku kuka ce uwaye ba su da uba. In babu uba, me 'ya ta ɗauko wanda ba na uwarta ba? Wadda ta sauka a kan yayana daga reshen Iya ta fito, a bishiyar Iya take tsotso. Ita ce dai uwar reshen Iya, fiffike kawai ta yi. Reshen nan na Iya ne, ku bar ta ta sha."

Dattawa suka yi ta gunaguni. Magaji ya sa aka ɗauko Iya, ya dube ta ya ce, "Gwamma, kin ji abin da baƙuwarki ta ce. Kin yarda a shaida reshen nan naki ne?"

Ta ce, "Yarinyar ta faɗi gaskiya. A shaida."

Aka shaida. Na dawo gida ina jin kaina a sama, na ci gari da baki. Washegari na tari ɗigon na kai mata, ta kawar da fuska.

Ta ce, "Ɗigo ɗaya ba ya riƙe zuciya biyu, 'yar nan. In aka raba, mu duka za mu tafi."

Korau ya ce wallahi ba zai sha ba. Ta ce a matso da shi. Ta kama masa hanci da 'yan yatsunta kamar yadda ake yi wa yaro mai ƙin magani, ya buɗe baki don numfashi, ta ɗura masa. Haka ta riƙa yi kullum, yana kuka tana zaginsa. Uwar nan mai fiffike ta haihu, 'ya'yan suka haihu, tsiron ya fara yin rawaya. A makon da darɓa ta isa mutum biyu, a makon Iya Gwamma ta cika, da hantsi, jikokinta suna wasa a tsakar gida.

Bayan an binne ta sai ga samari da bakin wuta. Al'adarsu ce, in mutum ya mutu a ƙone reshensa da uwayen da ke kai. Suka wuce busasshen, suka nufi na Korau. Na sha gabansu na rungume tsiron, nono yana ɗiga a damtsena yana ƙuna ban saki ba.

Magaji ya ce, "Ke kika tsaya gaban dattawa kika ce na Gwamma ne."

Na ƙara ƙanƙame tsiron.

Ya ce, "Hanya biyu ce. In Gwamma ta mutu, reshe ya bi ta. In kuwa reshenta yana raye ana sha, to Gwamma ba ta mutu ba, mai shan shi ne Gwamma. Ya ɗauki sunanta da ɗakinta da jikokinta, ya zauna a gindin bishiyarta. Sunan da ya zo da shi a binne shi a kabarinta, ba ya ƙara amsa shi har abada." Ya sassauta murya. "Ta san wannan dokar tun kafin a haife ki. Da ba a shaida ba, da yaran nan an raba su gidaje."

Na juya na dubi yayana. Yana tsaye da ƙafafunsa, ba mai riƙe da shi, ƙaramar jikar tana maƙale a wuyansa. Ya dubi wutar, ya dubi yarinyar, ya ce ya karɓa. Samari suka kashe wutarsu a cikin ƙasa.

Na zauna har ƙunar hannuna ta warke. Ni ba ni da reshe, kuma 'ya'yana suna can suna jira. Ranar tafiya na ɗaure kaya a kan jaki, jama'a suka rako ni bakin gari. Yana cikinsu, sanye da baƙin zane irin nasu, yara biyu riƙe da hannuwansa.

Na ce, "Yaya Korau, zan tafi."

Bai ɗago ba. Na ga dattawa suna kallonsa.

Na ce, "Yaya."

Babbar jikar ta ja hannunsa ta ce, "Iya, da wa take magana?"

Na tsaya har jaki ya gaji ya fara cin ciyawa. Sannan na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi wa tsofaffi, na ce, "Iya, ni zan koma gida."

Ya ɗora hannu a kaina, hannun yana da ɗumi, jini yana gudu a cikinsa. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, 'yar nan. Ki gaida mutanen gidanku."